Takardar da Na Ba Matar Kafinta

Har gobe, idan wani ya yaba mini Turanci, sai in kawar da kai. Jikokina suna zaton kawaici ne irin na tsofaffi. Ina kawaici a wurina? Ku tambayi kakarsu, ta san halina, ni mutum ne mai son a yaba masa. Kunya ce kawai, kuma ta samo asali ne daga idon wata yarinya a Wudil, tun saura 'yan shekaru Turawa su tattara nasu ya nasu.

Lokacin ina da shekara ashirin da ɗaya, ina aiki a asibitin sha-ka-tafi na garin. Mu biyu ne, da babban malaminmu, wani dattijo marar yawan magana, sai ni mataimakinsa. Aikina wanke gyambo da ɗaure shi, da zuba ruwan magani a kwalabe, da riƙe yara idan za a yi musu allura. Ba wani babban aiki ba ne, amma gari ya ɗauke ni wani abu. Na gama Midil a Kano, ina sa farin gajeren wando da doguwar safa, ga alƙalami biyu a aljihun gaba. Mahaifina manomi ne a Dagumawa, kuma ba ya zama a majalisa ya tashi bai faɗa wa mutane cewa Turancin ɗansa ko Di'o, Baturen mulki, sai ya kasa kunne ba. Duk wanda aka aiko wa wasiƙa ni zai kawo wa. Ni kuwa sai in gyara zama, in yi gyaran murya, in karanta a zuci, in fassara masa da Hausa.

Abin da ba wanda ya sani shi ne ban iya buɗe baki in yi Turancin ba. Ina ji, ina karantawa, rubutuna kuwa sai ka rantse inji ne ya buga. Amma da an ce in furta, sai harshena ya yi nauyi, gumi ya karyo mini. Abin ya faro ne tun a makaranta. Wata rana malaminmu na Turanci ya tashe ni in ba da labarin yadda ake noman gyaɗa a garinmu. Na fara ke nan na kwaɓa wata magana. Bai doke ni ba, da ma dukan ya yi na huta. Alli ya ɗauka ya rubuta abin da na faɗa a saman allo, ya ja masa layi, ya hana a goge har mako ya zagayo. Kwana bakwai ina shiga aji ina ganin wautata da manyan baƙaƙe, yara kuma suka mayar da ita waƙa, a ɗakin cin abinci, a filin ƙwallo, har a bakin rijiya. Tun daga nan na ɗaure bakina na saki hannuna. Na ce wallahi ba mai sake jin kuskure daga bakin nan.

Mutum ɗaya ne a Wudil ya gano ni, wani tsohon soja mai gyambo a ƙwauri. Ya yi yaƙin Bama, ya dawo da ƙafar da ta ƙi warkewa, kullum da safe yana kan bencinmu yana jiran in wanke masa. Mutumin nan ko harafi ɗaya na boko bai sani ba, amma Turanci yake zubawa ba birki. Da direbobin Kudu yake yi, da duk Baturen da ya tsaya a bakin gada, yana farfasa shi kamar mai faskaren ice, suna ta dariya tare. Ni kuwa raina shi nake yi. A wurina wannan ba Turanci ba ne, hayaniyar bariki ce. Kullum zai gaishe ni da Turanci, kullum in amsa masa da Hausa, sai ya yi ɗan murmushi ya miƙo ƙafa. Wannan murmushin nasa yana ƙona mini rai ba kaɗan ba.

A bazarar wata shekara ƙyanda ta shigo gari ta yi ta kwantar da yara. Babban malaminmu ya tafi Utai yin lambar agana, zai yi mako guda, ya bar mini asibitin. Ranar Juma'a, ranar kasuwa, layi ya kai har gindin darbejiya. Ana cikin haka sai ga wata mata ta kutso, ba ta bi layi ba, goye da yarinya 'yar wajen shekara uku. Da ganin ɗaurin zanenta ka san mutuniyar Kudu ce. Ta sauke yarinyar a kan teburina ta fara magana da Turanci, da sauri.

Na ji duk abin da ta ce, ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba. Mijinta kafinta ne, yana tare da leburorin hanya can wajen Gaya, sai ƙarshen wata yake dawowa. Watanta biyu da zuwa, tana haya a Sabon Gari, ba ta jin Hausa. Yarinyar ta yi ƙyanda ta tashi, amma yau kwana biyu idanunta sun rufe ruf. Na duba. Sun kumbura, mugunya ta manne gashin idon, yarinyar tana ta kai hannu tana kuka.

Kada wani ya ce rashin sani ne, na san abin yi sarai. Na ɗauki yarinyar na kai ta teburin baya, na juya wa uwar baya, na wanke idon da auduga, na ɗiga magani daga babbar kwalbarmu. Uwar tana can ta rufe fuska da hannu saboda ihun 'yarta. Sannan na zuba maganin a ƙaramar kwalba, irin wadda muke ba kowa. Abin da ya rage in faɗa mata abu huɗu. Ta tafasa ruwa da ɗan gishiri ta riƙa wanke idon. Ta riƙa ɗiga maganin nan a ciki tun asuba har kwanciya, kada a sha. Kada ta ɗaure idon da tsumma. Gobe da safe ta dawo ko ana ha maza ha mata, in bai buɗe ba sai babban asibiti a Kano.

Maganganun sun jeru a kaina tsaf. Na buɗe baki. Sai idona ya faɗa kan benci, ga tsohon soja ya tallabe haɓa yana kallona, ga jama'a sun yi tsit, kowa yana jiran yau ya ji Turancin da ake ba da labari. Nan take allon nan na makaranta ya dawo mini. Na mayar da bakin na rufe.

Tsohon soja ya ce, "Likita, in faɗa mata?"

Na ce, "Baba, ka ji da ƙafarka."

Na ja kujera na zauna, na tsoma alƙalami a tawada, na rubuta abubuwan nan huɗu, layi-layi. Wallahi takardar ta yi kyau, ko waƙafi ban bari ba. Na busar da ita, na miƙa mata tare da kwalbar. Jama'a suka yi ta jinjina kai, na ji wani yana cewa ai ilimi ya wuce a tsaya surutu. Matar ta karɓa da hannu biyu, ta ɗan rusuna, ta dube ni kamar tana jiran wani abu. Na kira mai bi mata. Ta ninke takardar ba tare da ta duba ba, ta ƙulle ta a bakin zane, ta goya 'yarta ta fita.

Na ga ba ta duba ba. Na gani da idona, na kawar da kai. Na ce wa kaina ai mai Turanci irin wannan ta zauna a aji, don mu a littafi muka fara gamuwa da shi, sai mun shekara muna rubutawa kafin a ce mu faɗa. Ban taɓa kawowa a raina cewa a wani wurin a kasuwa ake tsintarsa ba. Alhali ga tsohon soja a gabana kullum, yana yinsa bai san biro ba. To, na riga na ce nasa ba Turanci ba ne, ina zan yi tunani da shi?

Asabar ba ta zo ba. Lahadi ba ma buɗewa. Litinin ma shiru. Na ce yarinya ta warke ke nan, ai mutane haka suke, da sun ji sauƙi ba ka ƙara ganinsu. Har wani daɗi na ji, don na huta da fargabar haɗuwa da ita. Wannan daɗin da na ji, shi ne abin da na fi jin kunyarsa a cikin labarin nan duka.

Ran Talata da safe ina durƙushe ina wanke wa tsohon soja ƙafa. Yau bai gaishe ni da Turanci ba, bai kuma yi murmushi ba. Ya bari sai da na fara naɗa bandeji, sannan ya ce a hankali, yadda na kusa ba za su ji ba, "Ɗana, takardarka dai an shanye ta."

Ban gane ba, sai da ya warware mini. Shi ma a Sabon Gari yake kwana, jiya da la'asar ya bi ta ƙofar gidan ya ji kukan yarinyar, ya yi sallama ya tambaya. Matar ba ta iya karatu ba. Da ta koma gida sai ta nuna wa tsohuwar da ta ba ta haya, wata mai sayar da daddawa. Tsohuwa ta ga malamin asibiti ya ba da rubutu, ita kuwa tun tana yarinya ta san abin da ake yi da rubutun malam. Ta wanke tawadar a ƙwarya, ta ba yarinya rabi ta sha, ta shafa mata rabi a ido, ta ɗaure da tsumma don kada iska ta shiga. Kwalba kuma, duk wanda ya taɓa zuwa asibitinmu ya san abin da ke cikin kwalba sha ake yi. Cokali guda safe, cokali guda yamma, har ta ƙare. Yarinya ta yi ta amai. Kwana huɗu ba abin da ya shiga idonta sai ruwan tawadata.

Ban san yadda na ƙarasa ɗaurin ba. Na sallami sauran mutane na ce su dawo da azahar, na ɗauki kwalba da auduga, na ce, "Baba, don Allah ka raka ni, ka yi mata bayani."

Ya ɗauki sandarsa ya miƙe. Ya ce rakiya kam zai yi, amma bayani ba shi ba, ai an ce ya ji da ƙafarsa. Muka tafi, yana ɗingishi ina gaba, rana tana dukan ƙeyata. Duk tsawon hanyar ina shirya magana a kaina, ina gyara ta, ina sake gyarawa. Ku ji fa, yarinya tana can ido a rufe, ni ina nan ina auna wace kalma ce za ta riga wata.

Tsohuwa ta tare mu da fara'arta. Ta ce sannu da zuwa Malam, ai an yi yadda ya kamata, ko ɗigo ba a zubar ba, har takardar ma ta shanya ta ta ajiye ko za a yi laya da ita. Ta ɗauko ta nuna mini. Ta yi fari fat, ta yamutse, sai ɗan shuɗi-shuɗi a gefe. Me ta yi? Ita ta girmama rubutuna iyakar yadda ta san ana girmama rubutu.

Matar kafinta tana zaune a ƙofar ɗaki, yarinyar a cinyarta, ta gaji har kukan ma ba ya fita. Matan gidan suka fito suka tsaya. Na durƙusa na kwance tsumman. Da na wanke, na ɗaga fatar idon dama, ya yi ja amma da sauransa. Na ɗaga na hagu, sai na ga wani ɗan tabo fari-fari a kan baƙin. Ranar Juma'a babu shi. Ni na duba, na sani.

Duk maganar da na shirya a hanya ta watse. Na ɗaga kai na fara yi wa matar Turanci haka nan, yadda ya zo. In'ina na yi, na sa na gaba a baya, na ce jiya a wurin gobe na dawo na gyara, ina ji da kunnena ina tafka kuskuren da ya fi wanda aka rubuta a allo sau goma. Inda kalma ta ɓace mini sai in nuna da hannu. Sau biyu na maƙale gaba ɗaya, tsohon soja ya jefo mini kalmar daga inda yake tsaye, irin tasa ta bariki, na cafe na yi gaba. Na ce mata maganin na ido ne, ba na sha ba. Na nuna mata yadda ake ɗigawa, na sa ta yi a gabana. Na ce yau ɗin nan, yanzu, sai Kano, kada ta jira mijinta.

Ba wanda ya yi dariya. Matan gidan ba su san na yi kuskure ba, tsohon soja bai damu ba, ita kuwa matar idonta yana kan bakina, tana gyaɗa kai, tana maimaita abin da na ce. Ta gane komai, tas. Abin bai ɗauki lokacin da za a sha kofin koko ba. Abin da na kasa yi ran Juma'a ke nan.

Da na gama, ta dube ni. Sannan ta ce, ba da faɗa ba, da ma faɗan ta yi, "Ashe kana magana. Na zaci ba ka so ka ɓata bakinka a kan irina ne. Na so in ce maka ban iya karatu ba, sai na ji kunya, ga mutane."

Na sunkuyar da kai. Me zan ce mata? In ce ni ma kunya na ji? Ita kunyarta ta baƙuwa ce, mai ɗauke da 'ya marar lafiya a garin da ba ta jin maganarsu. Tawa kuwa ta mai doguwar safa ce da ba ya so a rage masa girma. Na ɗauki yarinyar da kaina muka nufi bakin gada. Tsohon soja ya tsayar da wata babbar mota mai zuwa Kano, ya yi wa direban nasa Turancin, aka ba ta wuri a gaba. Na rubuta wata takardar, wannan karon ta likitan can, kuma na faɗa mata da baki wanda za ta ba.

Da babban malaminmu ya dawo na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya saurara har na gama, ya daɗe yana juya goro a hannu. Na tambaye shi ko da an ɗiga maganin tun Juma'a idon zai tsira. Ya ce ciwon ido bayan ƙyanda mugu ne, wani ko an yi komai sai ya tafi, Allah ne masani. Na san lallashina yake yi. Allah ne masani, haka ne, amma kwana huɗun ni na san inda suka tafi.

Bayan mako uku suka dawo. Idon dama ya warke sarai. Na hagu hakiya ta rufe shi, fari kamar an ɗiga nono. Matar ta zo asibiti ita da mijinta, da soyayyen kifi a cikin kwano, wai godiya suka zo yi, don likitan Kano ya ce da an ƙara kwana biyu da duka biyun sun tafi. Mijin ya riƙe hannuna yana ta girgizawa. Na yi masa Turanci a gaban kowa, da kuskurena da komai, na faɗa masa ainihin abin da ya faru. Ya ce ba komai, ai na zo daga baya. Kifin nan ban iya ci ba, tsohon soja na ba.

Tun daga ranar Talatar nan bakina ya buɗe. Na yi Turanci da direbobi, da masu duba asibiti, da Turawa, an gyara mini a gaban jama'a ba sau ɗaya ba, ban mutu ba. Washegarin tafiyarsu Kano tsohon soja ya gaishe ni yadda ya saba, na amsa masa da Turanci, ya ce to, yanzu muka zama biyu. Na kuma je Dagumawa na roƙi mahaifina ya daina ba da labarina a majalisa. Bai daina ba, kuma ban taɓa iya faɗa masa dalili ba.

Kafinta da iyalinsa sun ƙara shekara biyu a Wudil kafin aikin hanya ya yi gaba da su. Yarinyar ta tsinci Hausa a wurin yaran unguwa, tana yinta a karkace, ko a jikinta. Duk ranar kasuwa sai sun bi ta gaban asibiti ita da uwarta, sai ta saki hannun uwar ta rugo bakin taga. Da yake tagar tana hagunta, sai ta juyo da kanta gaba ɗaya kafin ta same ni. Ta ce, "Sannu, Likita, ina gajiya?" tana dariya, don ita a saninta ni ne mutumin da ya warkar da ita. In ce mata ba gajiya. Shekara biyu tana gaishe ni, ban taɓa sanin wane idon zan duba ba.